Ni Na Wanke Uban Angon

Assalamu alaikum 'yan group. Don Allah ku ba ni shawara. Admin, ɓoye sunana, ko da yake rabin masu sanina suna ƙasa, ni na wanke su. Tsoho ne ni a gefen Goronyo, boko a aji uku munka rabu ba faɗa, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuci.

Ina da ƙane, ni da shi kaɗai munka rage. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya aiko mini. Farkon zuwan ruwan dam, gonarshi ta albasa tana maƙwabtaka da ta wani bawan Allah, kullum gardama kan wa ke da ruwa yau. Wata hantsi anka tsamo maƙwabcin a kanal, anka ce santsi ne. Anka kawo mini wanka, ƙanena ke zuba ruwa. Ban kai ga juya gawar ba sai ga hannunshi ya riga ni, ya rufe ƙeya da zane. Na ɗaga, sara ne na hauya. Ya aka yi ya san wurin? Na dube shi, ya ce ruwa na hucewa Yaya. Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, haka anka koya mini, na naɗe likkafani.

Shekara talatin ba mu taɓa zancen ba. Shi ya noma wa marayan mamacin gona, ya kai shi makaranta har ya zama malamin gona. To yanzu yaron ke neman ɗiyar ƙanena, su biyu suna son juna, kuma a wajenmu uba ba ya ba da ɗiya, wanshi ke bayarwa. Ni ke nan.

Jiya angon ya durƙusa gabana, ya ce an gaya mishi ni na wanke babanshi, yana son ya ji ko fuskarshi ta yi kyau. Na ce ta yi kyau. Ban yi ƙarya ba, fuska ya tambaya.

Ba ni jin tsoro, ba ni jin komi, har tuwona na cinye. Ku masu digiri, mi za ni yi? Juma'a za a tambaye ni ko na bayar, in ce na bayar?