Watan da goro ya yanke

Daren Alhamis, tsakiyar bazara, Sabon Gari

Sai yau da magini ya tambaye ni abin da zai rubuta a kan kabarin mijina Baban Rahila na gane ban san watan haihuwarsa ba. Shekara ashirin muna tare! Na ɗauko dantitensa, katin shaidarsa, shekara kaɗai aka sa, ita ma kintace ce.

Na tafi Tibiri wurin Gwaggo Tani, ƙanwar babansa. Na tarar tana tsince jar dawar da sojoji suka raba. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ke ƙirga wata a lokacin? Watan da Nasara suka rufe hanyar Katsina ne saboda yaƙinsu. Goro ya yanke ƙaf, da gyaɗa muka yi sunansa. Wanzami har da fushi."

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar.

Tun da na dawo nake ta tunani. Na taɓa ji a rediyo cewa a watannin yaƙin nan birane sun faɗi, jiragen ruwa sun nutse, an kuma haifi waɗansu da yau ke mulkin ƙasashe. Su da me aka yi nasu sunan? Uwayensu sun san akwai jinjiri a Tibiri da yaƙin ya hana wa goro?

Gwaggo ta ce akwai wani tsohon soja a Jiratawa, a watan nan aka kwashe su zuwa yaƙin, kuma takardarsa mai kwanan wata tana nan. Magini ya ce sai siminti na ɗanye ake rubutu, shi ya sa bai zuba ba. Ban je Jiratawa ba tukuna, kabarin kuwa har yanzu ƙasa ce kawai.