Tasar da Gwaggo Ta Ba Ki

Kande,

Na wuce Kurfi da motar Alhaji Mamuda tun ba ki dawo daga bikin Shema ba.

Jiya na gama haɗa masa injin, sai kamshaf, wato sandar nan mai buɗe bawul, ya dinga wasa gaba da baya yana ƙwanƙwasa. Zoben tagulla marar kauri yake so ya tare shi, kuma duk Dutsin-Ma babu, sai Kano. Ga Alhaji a tsaye a kaina, wai yau kasuwa.

Na gwada gwangwanin madara, bai kai ba. Murfin tukunya kuma ya cika kauri. Tasar nan ta jerenki, wadda Gwaggo ta ba ki, ita ta zauna daram, kamar don injin aka ƙera ta. Wallahi gindin kawai na yanke, na mayar da ita wurinta. Daga bakin ƙofa ba mai ganewa.

Ki yi haƙuri. In Gwaggo ta zo, don Allah kada ki dama mata fura a ciki.

Injin dai ya yi shiru. Saura ke.

Rabo