Mai Buɗe Rudun Albasa

Legas,
Watan Mayu.

Zuwa ga Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba da Inna da kowa na Kashin Zama. Ni ma lafiyata lau, sai kewa.

Na karɓi shawararki ta komawa ga takarda da biro. Kin yi gaskiya, duk gidanmu babu inda sabis ke kamawa sai ƙofar zauren Baba, kuma a gabansa ba abin da nake samu daga bakinki sai "lafiya lau" da "to". Ki riƙa rubutawa a ɗaki, ki ɗauki hoton takardar, in kin fito ki turo. Hoto dai ba ya magana balle Baba ya ji.

Kin tambayi abin da ake koya mana a wannan kwas ɗin na injiniyoyi. Kin san na'urar da na ɗaura a rudun da Baba ke adana albasa. Ita aikinta ta auna zafi da danshi, ta aika wa wata babbar kwamfuta a nan Legas, kwamfutar ta duba, sannan ta aiko gargaɗi. Shi ya sa bara da sabis ya ɗauke, gargaɗi bai zo ba, rabin albasar ta ruɓe. Har yau ina jin muryar Baba: "Mi na amfanin abin da sai ya tambayi Legas kahin ya ce albasata ta ɗau zahi?" To, amsarsa nake koya. Ana nuna mana yadda za a sa wa ƙaramar na'ura basirar da za ta yanke hukunci a inda take, ta kunna fanka da kanta, ko da sabis ko babu.

Bari in faɗa miki wani abu, amma kada ki yi mini dariya. Tsohuwar na'urar har yanzu tana turo mini lambobinta. Kullum bayan asuba sai in ga zafin rudun ya ɗan sauka. Na yi ta tunanin ko lalacewa ta yi, sai daga baya na gane lokacin ne kike ɗaga zana ki tsince masu taushi, iska ta shiga. Tun daga ranar ba na karyawa sai na ga wannan saukar. Abokan karatuna suna tsammanin aiki nake dubawa, alhali ke nake kallo.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman addu'a. Na bar ki lafiya.

Mijinki,
Haliru.

Kashin Zama,
Watan Yuni.

Zuwa ga Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da karatu, ina gaishe ka da zaman baƙunta. Mu nan kowa lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Ka ce kada in yi dariya, to na yi, har Inna ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Ashe ɗan leƙen asiri ka bar mini a rudu! Yanzu in na makara sai in ji kamar ana jirana a ƙofa, in fita ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba. Shekaranjiya da gangan na bar zanar a ɗage fiye da kullum. Ban sani ba ko ka gane gaisuwa ce.

Na karanta wa Inna bayanin karatunka, ban da ƙarshen takardar. Ta ce, "Ashe har Legas anka tahi don a gano mai ɗaki shi ya san inda ruwa ka zuba mishi?" Baba kuwa, daga baya na ji yana gaya wa Malam Surajo maƙwabcinmu cewa ɗansa na koyon gyaran da zai hana albasar ƙasar nan ruɓewa. Kada ka nuna ka ji.

Albasa tana nan lafiya. Warinta ne dai ya fara damuna kwanan nan, ni da na tashi cikinta. Amma ba zan fasa buɗewa ba.

Rigarka mai ruwan ƙasa tana rataye inda ka bar ta. Na so in wanke, na fasa. Ina kewarka, Injiniya, kuma a takarda kaɗai zan iya faɗa.

Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Bushira.

Legas,
Watan Agusta.

Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, domin hankalina ba a kwance yake ba.

Saukar zafin nan ta bayan asuba ta ɓace. Yanzu sai rana ta take nake ganin an buɗe rudun, wata rana ma ba a buɗe ba sam. Wannan ba hannunki ba ne. Na kira Baba, ya ce iyali lafiya lau, ya shiga ba ni labarin gero. Na kira Inna, ta ce kin je Maiyama wajen iyayenki, da na tambayi dalili sai ta ce wai ba ta jina sosai. Ke kuma na kira, kin ce mini "lafiya lau" da "to", kamar Baba na tsaye a kanki. In wani abu na yi miki, ki faɗa mini. In wani ne ya ɓata miki rai a gidan, shi ma ki faɗa.

Ga kuma wata magana da na so mu yi cikin natsuwa. Na'urar da na haɗa ta yi aiki. Na cire mata sabis gaba ɗaya, na hura mata zafi, ta kunna fanka da kanta. Wani kamfani a nan ya gani, sun ce in zauna in yi musu aiki da zarar an gama kwas. Aiki ne mai kyau, irin wanda ba zan samu a gida ba, amma sai na shekara kafin su ba ni wurin da zan kawo iyali. Suna jiran amsa. Na so in ji ta bakinki, ga shi ban ma san ko kina son jin nawa ba.

Safiya ta yi mini tsawo yanzu. Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Haliru.

Jega,
Watan Agusta.

Kai Haliru,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaisuwa, yara na gaida kawunsu.

Bushira ta turo mini takardarka tana kuka, ta ce ita ba ta san yadda za ta amsa ba. To ni yayarka ce, ba surukarka ba, ba ruwana da kunyar kowa.

Kai wane irin injiniya ne? Daga Legas kana ganin albasa ta yi gumi, amma matarka ta rubuta maka da hannunta cewa warin albasa na damunta, ba ka gane komai ba! Goyon ciki ta tafi, sakarai. Cikin fari ne, a gidan iyayenta za ta haihu kamar yadda aka saba. Tun kafin ka tafi ta fara zargi, ta yi shiru don ta san halinka, da ka ji sai ka ajiye kwas ɗin. Daga baya kuma nauyin faɗa ya kama ta. Baba da Inna kuwa ka san ko za a yanka su ba za su buɗe baki su yi maka zancen ɗan fari ba. Inna na cewa ai Bushira ta gaya maka, Bushira na cewa ai Inna za ta sa a gaya maka. Haka aka yi ta tura wa juna har ciki ya tsufa.

Na je Maiyama ranar kasuwa na gan ta. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma ungozoma da asibiti duk sun ce lafiya. Abin da ya fi damunta, wai yanzu wa kake kallo da safe. Na ce mata ku biyun nan sai addu'a.

Zancen aiki kuwa, ba zan ce ka ƙi arziki ba. Amma ka tuna kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In ka tashi zuwa ka taho mini da atamfa, ladan bakin da na ara muku.

Yayarka,
Rakiya.

Maiyama,
Watan Satumba.

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Na ga kiranka duka, na kasa ɗauka. Yaya Rakiya ta riga ta faɗa, ni ba sai na maimaita ba. Ka yi haƙuri.

Game da aikin, na yi ta rubutawa ina yagewa. Na rubuta ka karɓa, na ga ƙarya nake yi. Na rubuta ka dawo, na ga kamar na tsaya maka a hanya. Ka sha wahalar karatun nan, kuma ni na fi kowa sanin yadda ruɓewar albasar bara ta ci maka rai. Duk abin da ka zaɓa zan yi maka addu'a a kai. Amma tunda ka tambaye ni, shekara tana da tsawo.

Nan gidan akwai sabis har cikin ɗaki, ga shi ba ni da abin dubawa. Har yanzu da an sallame asuba nake miƙewa, sai na kai ƙofa in tuna babu rudu a nan. In koma in zauna.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Bushira.

Kashin Zama,
Watan Oktoba.

Bushira,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ruwan zafi? A shafa mini kan yarinya. Ranar suna ban samu ganinku ba sai daga bakin ƙofa, mata sun cika ɗakin, kuma kin san ba zan iya zarya a gidan surukai ba.

Abin da ban samu faɗa miki ba ranar: na ba kamfanin haƙuri tun kafin in baro Legas. Manoman Sabiyal da na Alelu sun fara zuwa kallon sabuwar na'urar. Jiya ta kunna fanka da kanta a gaban Baba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, wagga ta san gida."

Ita sabuwar ba ta aika wa kowa komai. Amma ban cire tsohuwar ba. Na sauya mata lamba, na sa taki. Inna ta ce sai kun yi arba'in za ku dawo, ban yi musu ba.

Ki duba wayarki gobe bayan asuba. In kin ga zafin ya sauka, ni ne. In kin ga ya daɗe bai hau ba, kin san ma'anarsa.

Mijinki,
Haliru.