Ɗana ya ƙi fita yashe kwata, ga wasan ƙarshe ya zo

Assalamu alaikum Malama Hamdiya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi. Na kasa zama wuri ɗaya, ko a aji sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa.

Ni malamin firamare ne a Angwan Iya, nan Keffi. Shekara uku ke nan da na tara matasan unguwa, Musulmi da Kirista, muka kafa kulob ɗin ƙwallo. Doka ɗaya na sa: wanda bai fito aikin gayyar Asabar ba, ba zai buga wasa na gaba ba. Muna yashe kwata kafin damina, muna gyara wa tsofaffi rufin ɗaki, wasu har jini sun bayar a asibiti.

Watan jiya golanmu Monday ya yi fashin aikin gayya, na ajiye shi a benci, aka zura mana uku. Asabar ta gaba shi ya riga kowa zuwa da shebur.

To, wannan Asabar ɗin ɗana Akram ne ya ƙi fita. Wai shi ɗan wasa ne, ba mai kwasar shara ba. Shi ke ci mana ƙwallo, ga wasan ƙarshe na cin kofi da 'yan Gangaren Tudu ranar Lahadi, kuma an ce wani mai neman 'yan wasa zai zo daga Abuja. Mahaifiyarsa ta ce in na hana shi, na toshe masa hanya da hannuna. Jiya kuma Baba Natan, mahaifin Monday, ya tare ni a kasuwa, lafiyar Akram kawai ya tambaya ya wuce. Yaya zan yi?

Daga Uban da ya rasa tudun dafawa

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Uwar Akram ba ta yi laifi ba, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Amma ka ajiye shi. In ya buga, yaran za su ce doka ta 'ya'yan wasu ce, wasu ma su ce don addinin Monday aka hukunta shi, kuma wannan maganar ba ta da wuyar yaɗuwa.

Ka faɗa masa yau, ku biyu a gida, kada ya ji a fili gaban abokansa. Ka roƙi baƙon Abuja ya dawo ya gan shi ranar atisaye. Sannan ka tambayi kanka ko yaran sun fara ɗaukar aikin nan kamar horo. Ka kai Akram gidan wata tsohuwa cikin waɗanda kuka gyara wa rufi, ya ji daga bakinta yadda ta kwana da ruwan sama kafin ku zo.

Mai yiwuwa ku rasa kofin, ya kuma yi mako bai yi maka magana ba. Ka daure. Allah Ya shirya maka shi, Ya ba ku sa'a.