Minti Ukun Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai gwiwar Baba, har yanzu ko dakali ba ya iya hawa.

Yaya, akwai magana. Kwamitin ginin da shagonmu yake ya ce teloli su koma hawa na uku, a ba masu sayar da waya ƙasa. Mataki arba'in da biyu ne, da ƙafata na ƙirga. In aka yi haka Baba ya bar ɗinki ke nan, kuma kin san in aka raba shi da kekensa an gama da shi. An ba teloli minti uku su faɗi uzurinsu ranar Laraba ta sama. Duk masu cika baki a shago sun noƙe, kowa wai maƙogwaronsa na ciwo.

To ki zauna kafin ki karanta wannan: ni zan yi maganar.

Ban gaya miki ba, wata huɗu ke nan duk Asabar ina zuwa ajin koyon magana a gaban jama'a. Wata tsohuwar ma'aikaciyar rediyo ce ke koya wa matasa. Anti Agogo muke ce mata, don in lokacinka ya cika ko a tsakiyar kalma kake sai ta tsayar da kai. Ranar farko sunana kawai aka ce in faɗa, na fashe da kuka.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Na ga wasiƙarki, muna lafiya. Ke? Ke da ko gishiri aka aike ki saye sai na raka ki na faɗa wa mai kanti? Wannan ba wasan yara ba ne, sana'ar Baba ce.

Ga jawabi nan na rubuta, shafi biyu. Ki ba wani babba cikin telolin ya karanta. In babu, zan nemi hutu a asibiti in zo in yi da kaina. Ba raina ki na yi ba. Tsoro nake ji kada su yi miki dariya, ki dawo ki ƙara ƙulewa a ɗaki.

Ki gaishe da Baba, ki ba ni amsa da wuri.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Da gangan na ƙi ba ki amsa, don na san ko me na ce sai kin taso.

Jawabinki na kai wa Anti Agogo. Minti tara ya ci, kuma sau shida kika kira kwamitin marasa imani. Ta ce in faɗi abin da na gani da idona kawai, in yi ta gwaji a inda na fi sakin jiki. Sai na zaɓi shago, kekuna takwas na gudu, janareto na ruri. Ina farawa Baba zai ce, "Ban ji ba!" in ƙara murya. Kwana goma muna haka, kuma duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa babu keke a ɗakin taro.

Ranar Laraba na hau ofishinsu da ke hawa na uku. Ɗaki tsit, dogon tebur, mutum bakwai, shugabansu na danna waya. Aka miƙo mini makirufo, na rafka sallama da muryar shago. Yaya! Lasifika ta tsala ƙara, wayar shugaba ta faɗi ƙasa, sakatare ya kifar da shayi a kan takardunsa. Suka kwashe da dariya. Abin da kika ji tsoro ya faru.

Amma Anti ta koya mana in an yi maka dariya ka bari a gama, ka ja numfashi. Na ajiye makirufon na ce, "Ku yi haƙuri, a tsakiyar kekuna takwas na koyi magana. Wannan ƙarar kuke shirin kawowa jikin ofishinku." Sai suka nutsu. Na ba su labarin Baba da matakalar nan, da tsofaffi da masu ciki da ke zuwa awon ɗinki. Na gama da saura daƙiƙa goma. Shugaba ya ce, "'Yar wa ce wannan?" Na ce, "Ta telan da bai iya hawowa ba."

Sun ce za su yi shawara. Wallahi ko me suka yanke, daɗi nake ji kamar in yi tsalle.

Taki,
Auta

'Yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Takarda ta fito yau. Teloli suna nan a ƙasa, kuma sun zaɓi ƙanwarki ta riƙa magana da yawunsu.

Ranar taron a gindin bene na zauna. Shekara goma sha tara sai na sunkuya nake jin abin da yarinyar nan ke faɗa. Ranar kuwa daga hawa na uku na jiyo ta. Na yi hawaye a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Gobe ƙarfe takwas zan buɗe shagona.

Mahaifinku