Gadon da Ya Shiga ta Taga

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya, wadda in ta yi dariya nake manta inda na ajiye almakashi,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Tun da kika tafi kwas ɗin nan na unguwarzoma, garin ya zame mini kamar rigar da aka ɗinka aka manta wuya: komai yana nan, amma ba ta inda zan shiga. Ke kina can kina koyon karɓar 'ya'yan mutane, ni ina nan shago ina ɗinka aljihu a baibai saboda tunaninki. Wace irin tsuntsuwa ce ke, da za ki tashi ki tafi da waƙar gaba ɗaya?

To, gyara zama. Ina da albishir, kuma a bayan albishir ɗin akwai roƙo. Gidan nan ya zama namu! An sa hannu, makulli yana aljihuna, ina ta shafa shi kamar wani zai ƙwace.

Kin tuna ranar da dillali ya kai mu? Tsohon bene mai fenti yana ɓarewa, gidan burodi a ƙasa, shagon mai gyaran keke a gefe, namu a hawa na biyu. Ɗaki ɗaya, falo ɗan mitsitsi, da kicin ɗin da kika ce in mutum ya juya a ciki sai ya gaisa da kansa. Na san ba shi ne burinki ba. Ke gida mai tsakar gida kike so, inda za ki dasa lemo ki yi shanya a sarari. Amma da kika buɗe tagar ɗakin kika leƙa titi, na ga fuskarki ta saki. Ƙamshin burodi ya hauro, masu kayan miya suna ciniki da ƙarfi kamar ana faɗa, 'yan makaranta suna tsere, direbobi suna ta hon ba dalili. Iska ta ɗaga gefen mayafinki, ni kuwa a nan na ƙara faɗawa sonki, ko kunyar dillali ban ji ba.

Sharaɗi ɗaya kika kafa. Kika ce za mu zauna na ɗan lokaci kafin Allah ya hore mana babba, amma sai in gadon da Baba, mahaifinki, ya yi miki da hannunsa zai shiga lafiyarsa lau, ba zarto, ba ɓallewa. In ba haka ba, a fasa. Ni kuma na zaro tef daga wuyana, na auna ɗaki, na auna ƙofa, na auna matakala, na bugi ƙirji na ce ki bar wa tela maganar awo.

Hasken zuciyata, ashe awon tela daban, awon kafinta daban. Inda matakalar ta yi kwana, sai na bi da tef a jikin bango yadda nake zagaye ƙugun mutum. Tef ya lanƙwasa ya bi, na ce madalla. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa katako ba yadi ba ne, ba ya naɗuwa.

Ranar kwashe kaya Baba ya zo da kansa, don bai yarda kowa ya taɓa gadon ba sai yana tsaye. Kin san aikinsa: ba ƙusa ko ɗaya, katako ya shige cikin katako an bi da gam, sun zama abu guda. Muka ɗauka da ƙarfinmu, muka hau, muna isa kwanar nan sai gado ya cije. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi. Muka karkata shi, muka tsayar da shi a kan kansa, muka yi masa lallashi, ko gezau. Duk mutanen saman bene suka maƙale a bayansa. Tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu ta fito da kwandonta za ta kasuwa, da ta ga ba hanya sai ta zauna a matakala tana ba mu umarni, tana tambaya ko ni ne sabon maƙwabcin da aka ce yana da hankali.

Can sai ga mai gyaran keke da zarto a hannu. Ya ce a ɗan rage ƙafafun baya, in an ɗora katifa an ja zanin gado ai ba za ki taɓa sani ba. Baba ya zuba mini ido. Ni kuwa ga gida an riga an saya, ga alkawari. Na ce, “Gara a rage mini babban yatsa.” Kin kuwa san abin da babban yatsa yake a wurin tela.

Sai Baba ya ce in nuna masa yadda na yi awon. Na nuna. Tun da nake da shi ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya share hawaye da hularsa, sannan ya sa muka janyo gadon ƙasa da ƙyar, shi kuma ya hau ya duba taga.

Da ma kina nan, farin watana! Aka kira magini ya cire tagar ɗungurungum, ya fasa layin bulo a ƙarƙashinta. Masu gidan burodi suka ba mu igiyoyin da suke ɗaure buhunan fulawa a mota. Mutanen da ban ko san sunansu ba suka tuɓe riguna suka kama ja. Gadonki ya tashi sama yana lilo a kan titi, masu kayan miya suka bar ciniki, direbobi suka yi shiru, abin da tsohuwa ta ce bai taɓa faruwa a layin nan ba. Ni ina ƙasa na rufe ido ɗaya ina addu'a da duk abin da na haddace. Da ya shige, layin ya kaure da tafi kamar an ci ƙwallo. Ƙafa ɗaya ce ta ɗan kurje, Baba ya goge ta ya shafa mata mai, ko ke ba za ki gane wacce ba.

Kafin la'asar magini ya mayar da bulo, mai walda ya kafe ƙarafan taga. Ina ta washe baki, sai Baba ya dafa kafaɗata ya ce, “Gadon nan ya shiga ke nan. Ranar da za ku tashi, sai dai ku bar shi. Ka dai yi shawara da ita ko?”

Ban yi ba. Ga roƙon da na ce miki. Kin ce na ɗan lokaci, ni kuma da rawar kaina na sa an toshe ɗan lokacin nan da siminti. Tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba, tsoro nake ji kada ki ce na yanke hukunci a bayan idonki, kada ki shigo ki ji kamar an kulle ki. In kin dawo kin duba kin ce a'a, wallahi da hannuna zan sake fasa bangon, ko layin zai shekara yana mini dariya. Amma ina roƙonki ki fara zuwa ki zauna. Ki sha shayi a 'yar barandar nan da ba ta ɗaukar kujera biyu sai an haɗa gwiwa. Ki ji yadda bututun ruwa ke tari kafin ya kawo. Ki bar tsohuwa ta ba ki labarin kowa da kowa. Wane fili nake nema, ni da duk inda na juya a gidan nan ke zan ci karo da ke? Me zan yi da ɗakuna barkatai, in dai sai na ɗaga murya kafin ki ji ni?

Na ɗinka labule, na ɗinka zanin gado mai ruwan ganye irin wanda kike so, wannan karon kuwa awon ya fita daidai. Na shimfiɗa shi, na jera matasai, amma ban hau ba. Tabarma na shimfiɗa a ƙasa kusa da shi, a nan nake kwana, bayana yana ta ƙorafi. Ba zan hau gadon nan ba sai kin zo kin ce mun zauna. Don Allah ki yi wa bayan nan rai, ki amsa da wuri.

Naki jiya da yau da duk goben da Allah ya rubuta mana, wanda ba zai taɓa auna zuciyarsa da ta wata ba,

Telanki