Zaren Fatsa Ya Ƙare a Bakin Buhu

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Raina a ɓace nake rubuto maka. Babban naɗin zaren fatsa mai tufka da ka sayo ya iso, wanda zan raba wa ɗalibaina takwas da suka gama sakandare, nake koya musu kamun kifi a dam ɗin wajen Dutsi. Na ajiye shi a zaure na tafi makaranta. Da na dawo sai na tarar da Kawu Sale riƙe da basilla, ya ɗinke buhunan geronsa kaf da shi, har ya yankar wa maƙwabta. Na ce, "Kawu, wannan fa na kifi ne!" Ya ce, "Kifin ne ya gaya maka? Ni ban taɓa ganin zare mai ƙwarin wannan ba. Ka ce wa Lawal ya ƙaro."

Yaya, abin da ya rage ba zai ishi sandar fatsa biyu ba, ga ruwa ya fara ja baya. In samarin nan suka rasa kifin bana, cirani za su tafi, bayan da ƙyar na shawo kansu suka zauna. Ni ba zan iya ɗaga wa Kawu murya ba, amma kai yana jin nauyinka. Don Allah ka kira shi. In za ka sake aikowa, ka aiko makaranta, kada ya biyo ta zauren nan.

Ka gaishe da Anti Binta da yara. A sa mu a addu'a, musamman ni, Allah ya sanyaya mini zuciya.

Ƙaninka,
Habu